Ranar da Aka Tuhumi Sammani da Gudu

Da asubahin ranar Talata, bayan an idar da salla, Malam Sammani ya yi abin da yake yi kowace safiya tun kafin a haifi yawancin direbobin tashar Bunkure. Ya ɗauki buta ya shayar da lagireton motarsa, ya zare sandar auna baƙin mai ya duba, ya zagaya tayoyin yana taɓa kowace da ƙafa kamar mai tashin yara su tafi makaranta. Sa'an nan ya shimfiɗa busasshen karan shinkafa a bayan motar, ya daddanna shi da tafin hannu har ya yi laushi kamar katifa. Abin da ya bambanta wannan safiya da sauran shi ne, yau da babbar riga ya yi duk wannan aiki, domin kotu za shi.

Motar tsohuwar a-kori-kura ce wadda babu mai iya tuna launinta na asali. Sana'ar Sammani kuwa ita ce ɗaukar kayan da ba sa son girgiza: nunannen tumatir, da ƙwai, da ƙoren nono, da madubin amare. Tun yana yaron mota ya ga maigidansa ya kifar da lodin tumatir a cikin babban kanal ɗin da ke kai ruwa gonakin rani. Ruwan ya yi ja har ƙauye na gaba, yara suna tare tumatir da ƙwarya. Daga ranar Sammani ya ƙulla zumunci da tafiyar sannu, kuma bai taɓa yanke shi ba.

'Yan tasha sun ce akuya ta taɓa hawa bayan motarsa tana cikin tafiya, ta ci ganyen albasa ta ƙoshi, ta sauka abinta. Sun ce mai keke yakan gaishe shi ya wuce, ya ci kasuwa, ya dawo ya tambaye shi gajiya. Sammani bai taɓa musanta ko ɗaya ba. Ya san duk dariyar da aka yi masa talla ce, domin manomin da ya sha wahalar ban-ruwa wata uku ba ya son a kai masa miya kasuwa a madadin tumatir.

Ga yadda wannan mutum ya sami takardar tarar gudun wuce sa'a. Direbobin wannan hanya suna da wata al'ada: idan mutum ya baro jami'an kula da hanya a bayansa, sai ya riƙa ƙyafta wa masu tahowa fitila. Ranar Larabar da ta gabata, a kan hanyar Kura, aka ƙyafta wa jerin motocin da ke gaban Sammani. Nan take kowa ya taka birki. Wannan yana laluben bel, wancan yana neman takardun mota a ƙarƙashin kujera, wani yana roƙon yaron motarsa ya sauko daga kan kaya. Don tsananin nuna ladabi, sai suka koma tafiya kamar masu rakiyar gawa. Shi kuwa Sammani, wanda ba shi da abin ragewa, ya ci gaba da tafiyarsa ta kullum. Sai ga shi, a karo na farko a rayuwarsa, yana wuce motoci ɗaya bayan ɗaya. Mamaki da farin ciki suka rufe shi har ya fito da hannu ta taga yana ɗaga musu. A haka ya faɗa hannun wani matashin jami'i.

Kafin la'asar labari ya riga shi isa Bunkure. 'Yan tasha suka tarye shi da tafi, wani ya kawo masa ruwan sanyi wai ya huce. Amma Alhaji Ɗanbaba, dillalin tumatir wanda yake ba shi aikin jigilar kakar rani gaba ɗaya, bai yi dariya ba.

"Sammani," in ji shi, "ni don sanyinka nake biyanka. In kotu ta tabbatar ka fara gudu, to, tumatirina da motarka sun yi hannun riga. Masu gudu ai ba su ƙare a tasha ba, kuma sun fi ka araha."

Wannan magana ce ta hana shi sakewa har wannan safiya, lokacin da matarsa Hajara ta fito masa da koko da ƙosai.

"Malam, ka biya tarar nan mana mu huta," ta ce. "Ai ba ta kai kuɗin buhun taki ba."

"In na biya, na amsa laifi ke nan. In na amsa, ina za mu samo na takin?"

"To ka faɗa wa alƙali gaskiya, ka ce fitila aka ƙyafta musu."

Sammani ya ajiye ludayi. "Haba Hajara! In tona asirin tasha a gaban jami'ai? Da wane ido zan dubi mutanen da suke tura mini mota in batir ya yi sanyi?"

"Shi ke nan. Amma ka tashi yanzu. Kotu sai hantsi, kai kuwa na san ka."

Kotun tafi-da-gidanka ce, tana zama a ƙarƙashin wata rumfa a gefen titi, kusa da inda mata ke shanya shinkafa. Teburi ɗaya, kujerar alƙali, da benci biyu. Amma yau benci bai isa ba, domin rabin tashar Bunkure ta ajiye aiki ta zo kallo. Alhaji Ɗanbaba ya zauna a gaba, ya ɗora haɓa a kan sandarsa. A can baya kuma, jingine da farar bas ɗinsa, ga Jaji, matashin direban da ake yi wa laƙabi da Walƙiya, wanda yake alfaharin cewa tun da ya kama sitiyari bai taɓa karanta lambar bayan wata mota sau biyu ba. Shi ya fi kowa tsokana.

"Baba Sammani!" ya ƙwala. "In an sake ka, ka zo ka koya mini hannu!"

Da aka kira shari'ar, alƙali, wani dattijo mai tabarau a kan karan hanci, ya tambayi Sammani ko ya amsa laifinsa.

"Allah ya gafarta Malam, ban amsa ba. Ban yi gudu ba, ban iya ba, motar ma ba ta iya ba."

"Kana da shaida?"

Sammani ya gabatar da Raliya, wata Bafulatana mai sayar da nono wadda ta daɗe tana shiga motarsa. Ta sauke ƙwaryarta a gaban teburi, ta gyara mayafi.

"Ranka ya daɗe, wata rana na shiga motar bawan Allahn nan da madara mai ɗumi daga ruga. Wallahi kafin mu isa Kura ta zama kindirmo. Ban yi asara ba, don kindirmon ya fi kuɗi. Amma in aka ce wannan ya yi gudu, to, ni ma a rubuta cewa saniyata ta hau bishiya."

Rumfa ta ɗauki dariya. Alƙali ya buga teburi, ko da yake shi ma gefen bakinsa yana motsi.

"Wannan shaida ce a kan halinsa," ya ce. "Kotu tana neman shaida a kan ranar Laraba. Mutum yakan shekara arba'in yana salla a sahun gaba, rana ɗaya ya makara."

Sammani ya saci kallon Alhaji Ɗanbaba, ya ga yana gyaɗa kai kamar wanda aka karanta wa wa'azi.

Aka kira jami'in, matashi mai kaki da ya sha sitaci. Alƙali ya tambaye shi abin da na'urar auna gudu ta nuna.

"Ranka ya daɗe, ranar na'urar ba ta da caji. Amma idona yana da shi. Motoci ne a jere, kowa yana tafiya cikin natsuwa da bin doka. Sai wannan ya fito daga baya ya share su kakaf, har yana ɗaga musu hannu don izgili."

"Malam Sammani, ka wuce su?"

"Na wuce su, Allah ya gafarta Malam."

"Ka ɗaga hannu?"

"Na ɗaga. Gaisuwa ce. Ban saba ganin fuskokinsu a hanya ba, sai ƙeya."

"To in ba gudu ka yi ba, yaya aka yi ka wuce su?"

Sammani ya dubi 'yan tasha. Kowa ya sunkuyar da kai yana nazarin takalminsa.

"Su ne suka yi sanyi."

"Me ya sanyaya su?"

"Allah ne masani."

Alƙali ya yi ajiyar zuciya, ya juya ga jami'in. "Ka gane ko ɗaya daga cikin motocin da ya wuce?"

"Ƙwarai kuwa. Ta gaba duka ita ce farar bas ɗin can." Ya nuna da yatsa.

Kawuna suka juya gaba ɗaya. Jaji ya janye kafaɗarsa daga jikin bas ɗin a hankali. Ashe duk tsokanar da yake yi mako guda, ya ɓoye wa tasha cewa yana cikin jerin.

Alƙali ya dubi magatakarda. "Rubuta: wanda ake tuhuma ya wuce direban farar bas, mai suna... yaya sunansa?"

"Jaji Walƙiya!" in ji tasha baki ɗaya.

"Ya wuce Jaji, ya bar shi a baya."

"A maimaita, ranka ya daɗe," wani ya ce daga baya, "mu nan ba mu ji sosai ba!"

"A ba mu kwafi mu manna a tasha!" in ji wani.

Raliya ta tafa hannu. "Ashe walƙiyar taku ta damina ce kawai!"

Jaji ya kutsa cikin mutane, hula a karkace, har gaban teburi. Sammani ya gane abin da ke shirin faruwa, ya riƙo masa hannun riga.

"Jaji, ɗana, koma ka zauna. Bar shi a rubuta."

"Wallahi ba za a rubuta ba, Baba!" Ya fizge. "Ranka ya daɗe, wannan tsohon ya wuce ni? Ni? Ai tsayawa na yi! Fitila aka ƙyafta mana daga gaba cewa waɗannan suna hanya, na taka birki har fasinja suka haɗa goshi da kujera. Kafin nan allurar motata ta kwanta a ƙarshe, babu sauran lamba! Ku tambayi kowa, tun daga gadar kanal nake share motoci. Wanda ya ce Baba Sammani ya yi gudu bai taɓa ganin gudu ba!"

Shugaban tasha ya dafe kai da hannu biyu. Alƙali ya cire tabarau ya goge shi da gefen riga, ya mayar.

"Magatakarda, ka samu duka?"

"Na samu, ranka ya daɗe, har da allurar."

Hukunci bai ɗauki lokaci ba. Aka soke takardar Sammani, alƙali ya ce kotu ta gamsu cewa wanda ya wuce abin da ke tsaye ba a ce ya yi tsere ba. Aka shawarci jami'in ya riƙa kwana da na'urarsa a jikin wuta. Jaji kuwa aka ci shi tara bisa shaidar bakinsa, aka riƙe makullin bas har sai ya biya. Duk da haka ya tsaya sai da ya ga an ja layi a kan jimlar da ta ce an wuce shi, sa'an nan ya numfasa kamar wanda ya ci shari'a.

Alhaji Ɗanbaba ya miƙe da ƙyar, ya dafa kafaɗar Sammani.

"Akwai kwanduna suna jiranka a gonar Fatihu, bayan ƙaramin kanal. Sun nuna sosai, ba na son ko ɗaya ya yi hawaye. A kai su kasuwar Kwanar Gafan kafin manyan motocin Kudu su gama lodi."

Sammani ya naɗe babbar rigarsa ya cusa a bayan kujera. Yana shirin tayar da mota sai ga Jaji a bakin taga, yana susar ƙeya.

"Baba, ko za ka rage mini hanya? Yayana yana kasuwar, shi zai biya mini tarar."

"Shigo. Amma sai mun yi lodi, kuma za ka kama."

Jaji ya kama. Ya ɗauki kwando zai wurga kamar buhun masara, Sammani ya daka masa tsawa, ya nuna masa yadda ake ɗora shi kamar jariri, a cusa kara tsakanin kwando da kwando. Da suka hau titi kuwa, Jaji ya ga tashin hankali. Ƙafarsa ta dama tana ta danna ƙasan motar inda babu totur. Ya ƙirga shanun wani makiyayi, ya sake ƙirga su, domin har lokacin suna gefensa.

"Baba, don girman Allah, giya nawa motar nan take da su?"

"Huɗu aka ce mini."

"Ka taɓa ganin ta huɗun?"

"Muna gaisawa daga nesa."

Rana ta yi sanyi lokacin da suka shiga kasuwar, manyan motoci suna kan lodi. Jaji ya dira tun kafin a tsaya, ya yi godiya a guje. Alhaji Ɗanbaba, wanda ya daɗe da isowa a kan babur har ya yi sallar la'asar, ya zaɓi kwandon da ke can ƙasa, ya naɗe hannun riga ya zura hannu har gindinsa. Ya zaro shi a bushe. Sai ya nuna wa Sammani gonar da za a ɗebo gobe da sandarsa, can wajen gabas.

Sammani ya sauke kwando na ƙarshe da hannunsa, ya tattara karan shinkafar ya ɗaure shi dami don amfanin gobe, ya rufe ƙyauren bayan motar ya ƙulle shi da igiya.