Wanda Ya Amsa Sallamar Gwaggo Laraba

Duk wanda ya taɓa zuwa gidan Gwaggo Laraba a unguwar Abbey Wood ta Landan lokacin da ganye ya fara zuba, ya san ludayin nan. Baƙin ludayin ƙarfe ne, ba ta miya da shi. Da shi take bin bangon gida ɗaki-ɗaki tana ƙwanƙwasawa, ta kara kunne, ta yi tsit. Wani lokacin ta gyaɗa kai. Wani lokacin ta ce, "Ƙarya kake," ta wuce. In ka tambaye ta da wa take magana, sai ta dube ka sheƙeƙe. "Da gidan mana! Sanyi na tafe, ba zan tambaye shi inda ke masa ciwo ba?"

Ni 'yar ƙaninta ce. Karatu ya kawo ni Landan ta riƙe ni, lokacin mijinta Alhaji ya daɗe da rasuwa. Ban yi wata guda a gidan ba ta miƙo min tocila, ta nuna min ƙofar da ke jikin silin.

"Hadiza, hau ki duba min Alhaji. Ina jin yana zufa."

Na ce a raina, shi ke nan, tsufa ya taɓa Gwaggo. Amma wa ya isa ya musa mata? Na taka tsani na leƙa. Wayyo! Ga wasu abubuwa dogaye a kwance, jere, an naɗe su da farin ƙyalle, an ɗaure kai da ƙafa. Can a lungu kuma ga mutum zaune, da babbar riga da hula, ya juya min baya. Ina haska shi ya yi wani gurnani daga cikin ciki, ƙululu. Ban san lokacin da na kurma ihu ba.

Daga ƙasa Gwaggo ta ɗaga murya: "Ke! Kada ki taka min Hajiya Babba!"

Ashe tankin ruwa ne ta sa wa rigar marigayi, bututun kuma ta naɗe su don kada ruwa ya daskare ya fasa su. Kowanne da sunan mai kayan da ke jikinsa. Na sauko na ce, "Gwaggo, ba Nura ya sayo miki soson da ake sa musu ba?" Nura shi ne ɗanta, haihuwar nan.

"Yana nan a ciki. Soso ai ɗan kamfai ne. Ke za ki zauna da ɗan kamfai a wannan sanyi?"

Wata shekara rima ta fito a bangon ɗakina. Tun tana ɗan tabo har ta yi kai, ta yi kafaɗu, ta yi ramukan ido biyu baƙi ƙirin. Kullum na farka sai na ga kamar ta ƙara sunkuyowa kan gadona. Na yi ta magiya har Gwaggo ta yarda a kira Malam Iliya daga Old Kent Road ya yi mana addu'a. Kun san shi, mutumin Gana, kowa "kai" ne a bakinsa, mace ko namiji. Ya shigo ya dubi bangon, ya ja da baya.

"Hajiya, gidanka na da baƙo."

"Na sani, Malam. Na ma san ƙofar da yake bi. Zo in nuna maka."

Ta fita da shi bayan gida. Ga tsani ta riga ta jingina, ga bokiti. Ta nuna masa indararo.

"Hajiya, addu'a ka kira ni ko lebura?"

"Hau kana yi kana tofawa. Can ya fi kusa da sama."

Haka Malam ya tattare riga ya hau, yana kwaso ruɓaɓɓen ganye yana a'uziyya. Can sai ya sauko a hankali da wani abu a hannu: 'yar tsana ce ta roba, babu ido ko ɗaya, gashinta cike da laka. Ita ta toshe bututun indararon, ruwa yake bin bango. Babu yaro ko ɗaya a layinmu a lokacin, kuma babu hannun da zai iya jefa ta can. Malam ya ce a ƙona ta. Gwaggo ta karɓe, ta wanke ta da ruwan ɗumi, ta ɗaura mata ɗankwali, ta zaunar da ita a tagar ɗakina.

"Ita ma sanyi ta gudo wa. Ki riƙa gaishe ta."

A falo na ƙarasa wannan hunturun.

Amma wanda har yau tsigar jikina ke tashi in na tuna, ranar da ƙanƙara ta kwana tana zuba ne. Nura ya zo da matarsa da jaririyarsu. Gwaggo ta fita sayen tattasai, ta ce ƙanƙara ba za ta hana ta miya ba. Muka rufe ko'ina ruf, muka ƙure hita. Bayan la'asar, gari ya fara duhu, sai kaina ya kama sarawa. Nura ya ce shi ma. Matarsa ta kwanta a kujera. Jaririyar da ta wuni tana kuka ta yi lakwas. Barci mai daɗi yake ja na, irin wanda ba ka son a tashe ka.

Kamar daga cikin rijiya na ji sallamar Gwaggo. Na so in amsa, bakina ya ƙi. Sai kawai na ji tsintsiya a bayana, fyaɗ!

"Ku fita! Ku fita, 'yan banza!"

Ta sungumi jaririyar, ta bankaɗe ƙofa da tagogi, ta kora mu cikin ƙanƙara ko takalmi babu. Motar asibiti ta kwashe mu. Mai gyaran gas da ya zo ya ce hanyar da hayaƙin boila, injin ɗumama gida da ke kicin, ke fita ce ta toshe, gubar ta dawo cikin gida, irin wadda ba ta da wari ba ta da launi. Ya ce da mun yi barcin nan, shi ke nan.

Bayan an sallamo mu na ce, "Gwaggo, abin da ba ya wari, yaya aka yi kika sani?"

Tana yanka albasa, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Na yi sallama. Ga ku nan shame-shame, babu mai motsi. Amma an amsa min. Daga kicin. Muryar namiji."

Na ce, "Ko Alhaji ne?"

"Alhaji? Mutumin da bai taɓa shiga kicin da ransa ba, sai da ya mutu? Ko ma wane ne, ya fi ku tarbiyya."

Ba ta ƙara tayar da zancen ba, mu ma ba mu ƙara tambaya ba.

Da bazara ta rasu, rana na haskawa. A asibiti, ana gobe za ta cika, ta yafito ni da hannu. Na sunkuya ina jiran wasiyya. Sai ta nuna min wata tsohuwar Baturiya a gadon gefe, wadda ba mu taɓa ganin wani ya zo duba ta ba.

"Ƙafarta a waje take. Ɗauki bargona ki rufa mata."

Allah ya jiƙan Gwaggo Laraba. Ya yafe mata, ya haskaka makwancinta, ya lulluɓe ta da rahamarsa yadda sanyin ƙasar nan ba zai taɓa kai mata ba. Amin.