Shagon Tenri Marar Ƙofa

Tenri maƙwabciyata ce a garin Parepare, katangar katako kawai ta raba mu. Wanke-wanke take yi a wani gidan abinci na bakin tashar jirgin ruwa. Tun tana yarinya haka take, sai ka yi ta kiran sunanta idonta na can kan teku, kafin ta juyo ta ce, “Na'am?”

A tashar nan tunanin ya zo mata. Duk mako jirgi kan kwashi samarinmu zuwa gonakin kwakwar manja a Malesiya, tsofaffi su tsaya suna ɗaga hannu har jirgin ya ɓace wa gani. Tenri ta ce za ta buɗe shafi a intanet. Ɗan ci-rani zai shiga daga can ya zaɓi abinci, gasasshen kifi ko romon nama da curin shinkafa, ita kuma ta dafa ta kai wa iyayensa har gida, ta zauna su ci tare, ta tura masa hoto.

Da kanta ta haɗa rabin shafin a waya, ta ba shi launin teku da sassafe. Sauran, wato hanyar biyan kuɗi daga ƙasar waje, sai gwani, shi kuma gwanin da ta samu a birnin Makassar ya ce sai ya ga ladansa. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma ba ta da su. Ta je banki, ma'aikacin ya tambaye ta ina shagon yake. Ta nuna masa waya. Ya yi murmushi, ya raka ta bakin ƙofa.

Sai ta kawo maganar wurin adashenmu na matan unguwa. Uwar adashe, Indo Sakka, ta kwashe da dariya.

“Ke Tenri, shago ba ƙofa ba rufi? To ko ɓera ta ina zai shiga?”

Tenri ba ta yi musu ba. A hankali ta shiga faɗin yadda take ganin abin: rana ta yi sanyi, tsohuwa na zaune a matakalar gida, sai ga ƙamshin kifi ya shigo, a ce mata ɗanki ne ya aiko. Kusan kowaccenmu tana da wani a ƙetare.

Ɗaukar watan ta Indo Sakka ce. Ta turo mata ƙullin kuɗin da ƙafa, tana hararar ta.

“Ungo. In kika sa gishiri da yawa, ni da ke ne.”

Mai sayar da kofi na unguwarmu ya kawo gwangwanin canjinsa. Daeng Mappa bakanike ya ba ta aron tsohon babur. Abin da ya rage ta cike da kuɗin 'yan kunnenta.

Da damina shafin ya buɗe. Aka daɗe ba ko saƙo ɗaya, tana duba waya da hannun kumfa. Ran nan sai ga saƙo daga Sabah, can Malesiya: wani yana so a kai wa mahaifinsa, Puang Laupe, can wani ƙauye a kan tudu. Ashe da faɗa suka rabu, shekaru ba sa magana.

Ta hau babur cikin yayyafi, hazo na sauka kan gonakin shinkafa. Tsohon ya tare ta a ƙofa.

“Wa ya aiko ki?”

“Ɗanka ne, Puang.”

“Ba ni da ɗa.”

Ta ajiye kwanon ta buɗe, ta zauna abinta. Can ya matso, ya gutsuri kifin, ya ci har ya tsotse ƙaya. Da ta ɗaga waya za ta ɗauke shi hoto, ya ce kada ta kuskura. Ya shige ɗaki. Har ta fara tattara kwanuka sai ga shi ya fito ɗaure da sabon zane irin na mazan yankin, da baƙar hula a ka.

“To ɗauka. Ki ce masa ya rame ko bai rame ba, ya turo nasa in gani.”

Yanzu wanke-wanken da safe kawai take yi. Da yamma tana kan hanya, kwanuka ɗaure a bayan babur.