Dashen da Ya Cinye Mini Awaki

Tun ina amarya a Unguwar Lalle nake matsar man gyaɗa ina soya ƙuli-ƙuli, kuma ban taɓa sanin ina cikin masu ɓata duniya ba sai shekarar da ƙungiyarmu ta mata ta nemi rance.

Ɗan injin matsar mai nake so, don ƙirjina ya gaji da tuƙin tunkuza. Masu ba da rancen a Sabon Birni suka yarda, amma da sharaɗi. Wai tunda da itace muke suya, mu ne masu cinye daji, saboda haka kowace mace sai ta dasa itatuwa a bayan gidanta, kuma sai mai duba muhalli ya zo ya same su da rai kafin a saki ko sisi. Ni da rabin shekara da kara da kashin shanu nake hura wuta! Na faɗa wa shugabar ƙungiya haka, ta ce ba ita ta tsara ba.

Shekarar kuwa ta fari ce. Gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone, rijiyar unguwa sai an jira ta taru kafin a zura guga. A cikin wannan hali aka kawo mana dashen dogon yaro a baƙaƙen ledoji, kowanne bai fi tsawon ludayi ba.

Ruwa bai dame ni sosai ba, na wanke-wanke da na alwala duk a gindinsu nake juyewa. Awakina ne matsalar. Ina da jajayen awaki, zuriyar wadda innata ta ba ni da aure, kuma su ne asusuna: in ciwo ya zo ko gyaɗa ta yi araha, ɗaya nake kamawa a kai kasuwa. A shekarar fari akuya da yawo take rayuwa. A sake ta da safe, ta bi gari tana tsintar ƙaiƙayi da 'ya'yan gawo, ta dawo da wani abu a ciki ko yaya. To amma duk unguwar babu kore sai dashen nan. Na maƙwabta in na jefe su sukan tafi, nawa kuwa gidansu ne, sun san kowace kafa ta dangar. Na kewaye da ƙaya, suka ture. Na kifa tsofaffin kwanduna, suka ci kwandon suka ci abin da ke ciki. Da na koma karɓo sabon dashe, irin kallon da aka yi mini sai ka ce ni na cinye na farkon.

Maigidana ya ce, "Ki ɗaure su, ko ki haƙura da injin ga. An ce wata mai kamawa mutumen shina tahe."

Na ɗaure. Wata ya kama ya mutu, mutum bai zo ba. Aka ce yana can garin Isa. Aka ce babur ɗinsa ya lalace. Aka ce yana jiran umarni daga Sakkwato. Sauran matan suka gaji suka saki awakinsu, ni kuwa taurin kai ya hana ni, kullum ina cewa ai saura kaɗan.

Akuyar da ke ɗaure sai an ciyar da ita, harawa kuwa ta zama ta masu hali. Sai na riƙa sayar da ɗaya don in ciyar da sauran, a kasuwar da kowa dabbarsa ya kawo, fatake suna taya su kamar kaji. Haka suka tafi ɗaya bayan ɗaya, har ya rage tsohuwar uwarsu mai ciki. Ita ban iya kai ta ba. Ta rame har ana ganin haƙarƙarinta, ta yi ɓari, ta kwanta a gindin turke ta kasa tashi. Maigida ya sa wuƙa don kada ta zama mushe. Ranar na yi kuka, kuma na yi fushi da kowa, har da itatuwan da suka fara tofo suna sheƙi.

Ba a daɗe ba sai ga mai duban. Saurayi ne mai ladabi, har ya durƙusa ya gaishe ni, abin da ya ƙara ba ni haushi, don na so in samu abin da zan kama. Ya zagaya bayan gida, ya taɓa ganye, ya ɗauki hoto da waya, yana ta murna.

Ya ce, "Inna, wallahi kin yi ƙoƙari, ke kam kin cika sharaɗi. Duk gidan da nis shiga awaki sun cinye dashen. Ke kin yi sa'a, ba ki kiwo."

Maganganun da na tara masa wata da watanni suka taso mini har wuya. Na dube shi, yaro ne, bai san komai ba, jira yake in yi murna.

Na ce, "I, ɗana. Ba ni kiwo."