Tumbin da Mas'udu Ya Ƙi Yi

Mas'udu ɗan marigayi Inusa ne, maƙwabcina a Tafoki. Dangar kara ce kawai tsakanin gidajenmu, don haka abin da zan faɗa ba a kasuwa na tsinto shi ba.

Tun yana yaro siriri ne. Ubansa kuwa ƙato ne mai son kitse, hawan jini ya kayar da shi a gona wata damina, bai ƙara tashi ba. Lokacin Mas'udu ya fara karatun aikin lafiya, dole ya bari ya dawo gida. Abin da ya dawo da shi na'urar awon jini ce da tsoron gishiri.

Ya kafa tebur a kasuwar Yankara yana sayar da shayin zogale da zoɓo marar sukari. Mutum ya kurɓa ya yamutsa fuska ya ce, "Kai Mas'udu, mi na yi maka?" Shi kuwa sai ya ɗaura masa na'ura a hannu, ta matse, ta saki, ya faɗa masa abin da ta ce. Da yawa sun zo da dariya sun koma da ƙullin zogale a aljihu.

Da abin ya karɓu sai ya buɗe shago a Kankara, ya tara alhazan gari masu tumbi yana fita da su tattaki bayan sallar asuba. 'Yan acaɓa suka riƙa tsayawa suna tambaya, "Alhaji, lafiya? Ina motar? Hau in kai ka, ko ba ko sisi." Da ya kai abin Sabuwa sai ya yi kuskure, ya ce a ɗan haɗa da sassarfa. A Sabuwa kuwa, da halin 'yan bindiga da ake ciki, ba a ganin babba yana gudu a tsaya tambaya. Mai ƙosai ta bar kaskonta, mai shayi ya haura katanga, kafin alhazan su kai bakin kasuwa rabin unguwa ya riga su. Sai da mai unguwa ya zaunar da shi ya ce, "Ɗana, a garin nan tafiya kawai. A hankali. Kuma kuna yi kuna murmushi."

Cikin masu tattakin akwai wanda Allah ya ɗaga ya samu babbar kujera. Bai manta da wanda ya sauke masa jini ba. Haka aka wayi gari rediyo ta ce an naɗa Mas'udu mai ba gwamnati shawara kan lafiyar jama'a a yankinmu. Shawararsa ba ta da yawa: a rage gishiri, a rage mai, a riƙa awon jini kyauta ranar kasuwa. Aka ba shi mota da ofis. Tafoki ta yi murna, aka zauna ana jiran abin da kowa ya san yana biyo bayan muƙami.

Damina ta wuce, aka yi girbi, wata daminar ta sake zuwa. Mas'udu yana nan yadda yake, wuya kamar na zalɓe.

A wurinmu wanda ya shiga gwamnati a jikinsa ake karantawa. In bai yi ƙiba ba, ko dai ba a biyansa, ko ciwo yake ɓoyewa, ko an yi masa wani abu. Nauyin wannan magana kan mahaifiyarsa ya faɗa, Inna Tani. Ita ce mai tuƙa babbar tukunya a duk biki da sunan da za a yi a unguwarmu. Akwai wata Hafiza, wadda ɗanta kansila ne har ba ya iya ganin takalminsa, ita ta tare ta a wani gidan suna.

"Inna Tani, wai naku wane irin ofis ne? Namu wata biyu ya yi muka sake mashi ɗinki."

Mata suka kwashe da dariya. Tun daga ranar Tani ta daina fita. A yi biki gida uku da nata, tana ɗaka tana jin guɗa. Mace mai son mutane irinta, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ta fara ramewa ita ma.

Wata safiya ta yi mini magana ta saman danga. "Malam Sha'ibu, ka yi wa wancan magana." Wancan shi ne Mas'udu. Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa, ba ta ma nuna ta san da shi a gaban mutane.

Da ya zo gaishe ni na faɗa masa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, in na yi tumbi, da wane baki zan ce wa mutane su rage mai?"

Na ce, "Ita kuma da wane ido za ta shiga gidan suna?"

Ni ban iya dogon zance ba, sai ya yi mini sallama ya tafi.

Sai Tani ta ɗauki nata mataki. Duk inda Mas'udu zai je aiki sai ta cika kula: tuwon shinkafa da man shanu yana yawo a kai, fura mai kauri, wani lokacin har da soyayyar kaza. Ta haɗa shi da ƙanensa Harisu, magidanci mai 'ya'ya uku, ta ce ya tabbata kular ta dawo wayam. Harisu mutum ne mai biyayya. Kullum kula tana dawowa wayam.

Kafin kaka wuyan Harisu ya yi ninki. Duk ƙauyen da motar ta tsaya, shi ake rugawa a gaisar, "Ranka ya daɗe, an zo lafiya?" Mas'udu kuwa a nuna masa inuwa a ce direba ya huta. Tani ta gane inda tuwonta yake tafiya. Babbar rigar da ta sa aka ɗinka wa Mas'udu da fatan zai cika ta, Harisu ta miƙa wa. In baƙuwa ta nuna Harisu ta ce, "Wannan ne na gwamnatin?" sai Tani ta gyara mayafi ta kalli wani wuri. Gidan suna dai har yanzu ba ta koma ba, don Hafiza ta san waye waye.

Ana haka aka sa ranar buɗe shirin awon jini na kasuwanni a Faskari, da manyan baƙi daga Katsina. Aka cika mota da mutanen Tafoki, har da ni, har da Hafiza. Da ƙyar aka fito da Tani.

Masu tsaron ƙofar baƙi ne, kuma an ja musu kunne. Da suka hango Harisu cikin babbar riga suka ƙame, suka buɗe hanya, aka wuce da shi har kujerun gaba. Mas'udu ya sauka tun daga tasha don ya tako da ƙafa, kamar yadda ya saba. Ya iso da 'yar kaftaninsa, na'ura a hammata, mu muna layin shiga.

Mai tsaro ya sa sanda ya tare. "Masu awo ta baya."

"Ni ne mai ba da shawarar."

Mai tsaron ya dube shi daga hula har takalmi. "Kai? Da wanga wuya? Mai shawara shina ciki, yanzu muka shigar da shi."

Katin shaidarsa yana mota, waya kuma ba sabis. Lasifika ta fara kiran mai ba da shawara ya fito ya yi jawabi. Ta tsakanin kafaɗu na hango ana tura Harisu gaba, yana zufa, yana waige. Na ce wa mai tsaron gaskiya yaron nan yake faɗa, amma muryata ba ta da nisa, ko juyowa bai yi ba. Mai tsaron ya ɗaga murya ya ce, "Wa ya san wannan?"

Mutanen Tafoki duk suka juya suka kalli Tani. Hafiza tana gefenta ta riƙe haɓa.

Sai Tani ta tako har gaban sandar.

"Mas'udu ne. Ni na haife shi. Ba ciwo gare shi ba, ba yunwa ba, haka ya ga dama ya zauna. Wancan na ciki tuwona ne. Ɗauke sandarka."

Mai tsaron ya ɗauke. Hafiza ta ce, "La ilaha! Yau Inna ta kama suna!"

Tani ta ce, "Na kama. Ke kuma ki kawo naki a auna shi, numfashinsa har bayan gidanmu ake ji."

Kafin Mas'udu ya kai gaba, Harisu ya riga ya karɓi abin magana. Iyakar abin da ya samu ya ce shi ne, "Assalamu alaikum. To... a rage gishiri." Aka tafa masa sosai. Wasu har yau suna cewa jawabinsa ya fi na yayansa, don na Mas'udu ya kai mu har azahar.

Satin da ya biyo aka yi suna a gidan liman. Tun da hantsi na jiyo muryar Tani a can tana faɗa a kan an ba ta muciya ƙarama. Mas'udu yana nan kan muƙaminsa, ana awo a Yankara duk ranar kasuwa, ni ma na kai hannuna. Harisu ne abin ya fi shafa. Yayansa ya auna shi, ya karɓe kular, ya sa shi cikin masu tattaki. Rannan na gamu da shi a hanyar gona yana haki, rigar ta fara yi masa yawa.

Ya ce, "Baba, ba tuwon ne ya dame ni ba. Yanzu ko yaro ba ya ce mini ranka ya daɗe."