Kalmar da Ta Kai Kawu Aji

Kawuna, yayan mahaifiyata, shekara talatin da ɗaya ya yi yana kula da lambun wata makarantar sakandare. A duk tsawon lokacin nan kalmar Turanci ɗaya tak ya yarda ta zauna a kansa, wato root. Malamin aikin gona ne ya koya masa, ranar da suka tumɓuke wata matacciyar bishiyar lemo, ya nuna masa saiwar ya faɗi sunanta. Kawu ya ce wannan ta ishe shi, sauran Turancin na masu zama a inuwa ne.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kullum da ƙaramin almakashi a aljihu, ga dariyar da ake jiyowa tun daga bakin titi. In tsiro ya yi yaushi ba ya ko kallon ganye, sai ya tona ƙasa da yatsa ya ce, "Ciwon yana root."

Wata biyu da yin ritayarsa ciwon haƙori ya kama shi. Ni na raka shi asibiti, kumatu ya kumbura kamar ya ɓoye ƙwai a baki. Likitar ta ɗaga hoton haƙorin, ta juya wurin ma'aikaciyar jinya ta yi wata magana da Turanci. Sai Kawu ya zabura, audugar bakinsa ta faɗo.

"Me na ji? Root kika ce?"

"Eh, Baba," in ji likitar. "Saiwar haƙorin ce ta ruɓe."

"Haƙori yana da saiwa? 'Yata, shekara sittin da biyar ina yawo da lambu a baki, ba wanda ya gaya min?"

Ya yi ta dariya yana riƙe kumatu, hawaye na zuba, ba ka sanin na zafi ne ko na murna. Da ya lafa sai ya shiga ba ta shawara: kada ta yi gaggawar tumɓukewa, ta tona a hankali ta cire ruɓaɓɓen wurin kawai. Likitar ta ce ai abin da za ta yi ke nan. Daga ranar ya sa mata suna abokiyar sana'a.

Da muka dawo gida ko takalmi bai cire ba ya fara ba da labari. Auta, 'yarsa ta ƙarshe, tana zaune tana aikin lissafi, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Baba, ai mu ma muna da shi. Root ɗin tara uku ne."

Kawu ya zauna daɓas a ƙasa. "Wato in ka shuka uku, tara ce take fitowa?"

"Uku sau uku, Baba."

"Kai! Wannan irin ba ya asara!"

Shi ke nan gida ya rikice. Maƙwabciyarmu mai shagon gyaran gashi ta ce gashi ma yana da nasa, Kawu ya yini yana shafa sanƙonsa yana cewa fari ne ya cinye gonar. Babban ɗansa mai gyaran waya ya ce shi har waya yana yi wa root, wato ya buɗe makullin manhajarta, sai Kawu ya ɓoye tasa a ƙarƙashin matashi, wai kada a tone ta. Inna, matarsa, ta gaji. "Malam, don Allah ka bar ni in yi shara. Tsintsiya ba ta da root!"

Don a huta, Auta ta aro ƙamus ta buɗe masa shafin. Kalmar ta cinye kusan rabin shafi da ƙananan rubutu. Kawu ya daɗe yana bin layukan da yatsa, ko ɗaya bai iya karantawa ba.

Ranar Litinin ya sa rigarsa mai kyau ya je ya yi rajista a ajin yaƙi da jahilci na manya, a makarantar da ya yi wa aikin lambu. Malamar kuwa tsohuwar ɗaliba ce da ya sha korowa daga kan bishiyar gwaiba. Ta ce, "Baba, yau kai ne a hannuna." A mako na uku ta gaya musu cewa kalmomi ma suna da root, daga nan wasu suke tsirowa. Kawu ya miƙe ya zagaya ajin yana tafi, har tela da direban da suke benci ɗaya suka janyo shi ya zauna.

Bayan wata takwas, yana gyara ɗakin ajiya ya ci karo da tsohon buhun taki, ya tsaya ya karanta bayansa da kansa, harafi bayan harafi. Cokali ɗaya a bokiti, in ji rubutun. Shi kuwa uku yake zubawa tun da ya fara aiki. Ya ƙwala wa Inna kira, dariya ta hana shi bayani. Washegari ya tafi makarantar ya bi bishiyoyin ɗaya bayan ɗaya yana ba su haƙuri, sabon mai lambun yana biye da shi da baro, ya rasa abin da ke faruwa.