Ranar Da Rigimar Paparoma Ta Kusa Hana 'Yata Baftisma

Ko na tsufa har na fara rikita sunayen jikokina, ba zan manta da ranar baftismar 'yata ta fari ba. Lokacin muna zaune a Kazaure, mijina yana aiki a Roni, ni kuma ina ɗinki. Mu 'yan Katolika ba mu da yawa a garin, ɗan ƙaramin cocinmu ko rabi ba ma cikawa, Fada kuwa, wato limaminmu, sai an yi makonni yake zagayowa kanmu. Amma hakan bai hana mu rabuwa gida biyu ba.

Wanda muka zaɓa ya zama uban baftismar yarinyar wani dattijo ne mai kantin magani da muke kira Mai kemis, mutumin kirki, shi ya kai ni asibiti ranar da naƙuda ta kama ni. Sai dai tunda ɗansa ya saya masa babbar waya, ya faɗa kallon wasu Turawa masu cewa Paparoma ya kauce hanya, kafin a ankara har ya fi su zafi. Duk wanda ya je sayen maganin tari sai ya sha wa'azi: Paparoman nan ɗan bidi'a ne, Misa ta gaskiya, wato babbar ibadar coci, da harshen Latin ake yin ta, wadda muke yi da Hausa kuwa taron biki ce kawai.

Katikis ɗinmu, mai koyar da addini a cocin, wanda kawuna ne, ya ɗauki maganar kamar an zagi mahaifinsa. Shi a wurinsa ko atishawa Paparoma ya yi, koyarwa ce. Ya tako har gida ya shaida mini ɗan ridda ba zai riƙe masa jika ba. Mai kemis kuma ya aiko cewa in aka cire shi, shi da magoya bayansa sun bar cocin. Ga yarinyar tana yawan laulayi, hankalina ba zai kwanta ba sai an yi mata baftisma. Na sha kuka a kan keken ɗinki.

Ranar baftismar, Fada, wani tsoho mai sanyin magana, ya iso daga Gwiwa a kan babur, taɓo har gwiwa. Bai ma cire hular kwano ba kawu da Mai kemis suka tare shi a ƙofa, kowa yana nuna ɗan'uwansa da yatsa. Alhajin da muke haya a gidansa ya kawo mana lemo a mota, ya tsaya yana kallo, sai ya ce wa mijina, "Ashe ku ma kuna kafirta juna? Na ɗauka mu kaɗai Allah ya jarraba da wannan."

Fada ya saurare su har suka gaji. Sannan ya ce tunda Baba yana son Latin, ai shi ma ya karanta a makarantar firistoci, da ita za a yi. Mai kemis ya gyara tsayuwa, yana kallon kawu a kaikaice. Fada ya yi masa tambayar farko da Latin. Dattijon ya ƙura wa bakin Fada ido. Fada ya maimaita. Gumi ya keto wa dattijon, can ya daure ya ce, "Amin."

"Baba, tambayarka na yi ko ka rabu da Shaiɗan," in ji Fada.

Kawu ya kece da dariya har yana riƙe benci. Fada ya juyo kan kawu, ya roƙe shi ya bayyana wa jama'a ainihin abin da Paparoman ya faɗa, wanda kawun ya yi watanni yana karewa. Dariyar ta tsaya. Kawu ya ce gaskiya bai karanta ba, amma ya tabbata daidai ne.

Da Hausa aka ƙarasa baftismar. Mai kemis ya riƙe yarinyar, kawu ya riƙe kwanon ruwan, ba mai kallon wani. Ba zan ce sun shirya ba, don har mai kemis ya rasu suna musu, sai dai kawu ne ya jagoranci addu'ar jana'izarsa.

Tun daga ranar, in na ji mutum yana korar wani daga Aljanna, nakan fara tambayarsa abin da wancan ya faɗa. Yawanci a nan wa'azin yake ƙarewa.