Tsakuwar da Na Wanke da Hannuna

Assalamu alaikum, mai girma edita da masu karatu. Ni dattijo ne daga wani ƙauye a karkarar Gidan Rumji, kuma lokacin da wannan abu ya faru na ba shekara sittin baya. Manomi ne ni, gero da wake, sannan ina limancin ɗan masallacin unguwarmu. Ban yi lakol ba, wato makarantar boko. Karatun allo na yi, na zauna gaban malamai na karanci abin da ya sawwaƙa na tsarki da salla, kuma da ajami nake rubuta duk abin da nake tsoron mantawa. Wannan wasiƙa ma da ajami na rubuta ta, wani bawan Allah ya juya mini ita zuwa boko. A lokacin ina ganin ko me zan jahilta a duniya, ban jahilci ruwa ba. Na san ruwan da ake alwala da shi da wanda ba a yi, kuma na san ana gane shi ta launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa. Wannan sani ne na dogara da shi har na yi ɓarnar da zan ba ku labari.

'Yata ta fari ta yi karatun noma a Maradi. A shekararta ta ƙarshe aka ce kowane ɗalibi sai ya yi wani aiki da hannunsa, malamansu su zo su gani da idonsu kafin a ba shi takardar kammalawa. Ita sai ta zaɓi kiwon kifi haɗe da shuka, ta kafa shi a tsakar gidana kusa da rijiya, ƙarƙashin rumfar zana. Babban kwandon roba ne cike da ruwa da kifin karfasa a ciki. Wani ɗan famfo mai aiki da hasken rana yana ɗaga ruwan zuwa wani duro, daga duron ya gangara cikin wasu rabin-rabin duro uku da ta cika da tsakuwa, ta dasa ganyen salati da tumatir da alayyafo a cikin tsakuwar, babu ko ƙwayar ƙasa. Daga nan ruwan ya sake zubowa wurin kifin. Haka yake kewayawa wuni guda. Da farko na ɗauka wasa ne, don ban taɓa ganin tumatir ya tsaya a kan dutse ba. Amma cikin wata uku ganyen ya yi shar, maƙwabta suna sallama don kawai su leƙa. Wani maƙwabcina, tsoho kamata, wanda kakanninsa makiyaya ne kuma muke tsokanar juna tun ƙuruciya, ya ce ai yanzu liman ya koma sarkin ruwa, saura a saya mini kwalekwale in riƙa zuwa masallaci.

Ana cikin haka aka tura ta garin Gazawa wata biyu, ta yi aikin koyo a wani buro, wato ofishi, na noma. Malamanta za su zo ganin aikin mako biyu bayan ta dawo. Mahaifiyarta ba ta gani sosai, don haka ni ta ba amana. A nan sai in faɗi wani abu da mutanenmu za su gane. 'Yar fari ce, ba na kiran sunanta, ba ma doguwar hira, tun tana ƙarama haka muke. Ranar da za ta tafi ta durƙusa can nesa kaɗan tana yi mini bayani kanta a ƙasa, ni kuma ina kan buzu ina rubutawa a takarda, ina kallon alƙalamina. Ta faɗi yawan abincin kifi, cikin murfin kwano ɗaya safe da yamma. Ta ce kowace Juma'a in buɗe bakin da ke ƙasan duron farko in zubar da lakar da ta kwanta. Ta ce in ƙara ruwan rijiya daidai wanda rana ta sha. Sai ta zo kan tsakuwa, ta ce Baba, tsakuwar nan akwai mikrob a cikinta. Na rubuta haka. Daidai nan ladan ya kira azahar, na miƙe ina neman buta, ita kuma ta ci gaba da magana a hankali, ina cewa to, to, alhali hankalina ya riga ya tafi masallaci. Da na dawo har ta hau babur zuwa tasha.

Kalmar mikrob ba baƙuwa ba ce gare ni. Shekarar da aka yi ciwon amai da gudawa a yankinmu, ma'aikatan lafiya sun tara mu limamai suka ce mikrob ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, su ke kawo cuta, kuma maganinsu sabulu da ruwan jabel, wannan mai ƙarfin wari da ake ɗigawa a rijiya. Ni da bakina na yi wa jama'a wannan wa'azi. Saboda haka da na sake karanta takardata bayan kwana biyu na ga an rubuta tsakuwa akwai mikrob, sai na fahimci gargaɗi ne ta yi mini. Na je na tona tsakuwar da yatsa. Ƙasanta santsi ne, wata dauɗa ja-ja ta lulluɓe kowane dutse, ruwan kuma ya yi launin shayi marar ƙarfi. Na ce a raina, yarinyar nan ta ji nauyin ta sa ubanta wanke-wanke ne, shi ya sa ta faɗi rabin magana. Na yi niyyar in yi mata abin da za ta dawo ta yi murna.

Na ɗauki wuni guda cur. Na cire shukokin a hankali na jera su a inuwa cikin tasa, na kwashe tsakuwar a kwando, na wanke ta da sabulu, na jiƙa ta cikin ruwan jabel, na ɗauraye sau bakwai, na shanya ta a rana har ta yi fari tas. Ruwan kifin ma na kwashe kusan duka na zuba sabo daga rijiya. Matata tana zaune a bakin ɗaki tana tsinke zogale, ta ce Malam, ita dai ba ta ji an ce a yi wannan ba, ko zan kira yarinyar in tambaya? Na ce mene ne abin tambaya a cikin tsabta? Ta ce shekara arba'in ba ta taɓa ganin na wanke kwanon da na ci tuwo ba, yau ga shi ina wa dutse wanka kamar jariri. Muka yi dariya. Da yamma na tsaya a kan aikina, ruwan garau, kana iya ƙirga kifin har ƙasa. Wallahi na ji daɗi a ranar.

Kwana huɗu ba abin da ya faru. A na biyar na ga kifin sun taso sama suna buɗe baki suna rufewa. Na ɗauka yunwa ce, na ce sabon ruwa ya buɗe musu ciki, na ƙara musu abinci, murfi biyu maimakon ɗaya. Ba su ci ba, abincin ya nutse. Na duba ruwan, launinsa lafiya lau. Na ɗebo a tafin hannu na sunsuna, na ɗanɗana da bakin harshe, ban ji wani abu da zan kama ba. Duk ma'aunin da na sani ya ce ruwan nan mai kyau ne, da zan yi alwala da shi ba tare da shakka ba, amma ga kifi suna kwanciya ta gefe. Na sake canza rabin ruwan, suka ɗan farfaɗo kwana biyu, suka koma. Na zauna ina karanta takardata daga sama zuwa ƙasa, ko na tsallake wani layi. Har na yi zaton baki ne, don mutane sun yi ta yabon abin ba tare da cewa masha Allah ba. Na yi addu'o'in da na sani na tofa. Na kuma yi tunanin ko mikrob ɗin ne ban kashe duka ba, har na ɗauko kwalbar jabel, Allah ya taimake ni matata ta karɓe ta ta ɓoye.

Sau uku tana cewa in kira yarinyar. Sau uku ina ɗaukar waya ina ajiyewa. Ban san yadda zan buɗe baki in ce wa 'yar fari ban gane abin da ta faɗa mini ba. Da ta kira mahaifiyarta suka gaisa, ta tambayi kifi, ni ne na matso dab da matar na yi mata alama da hannu, ta ce suna nan lafiya. Wannan alamar da na yi da hannu ta fi komai damuna har yau, don na sa baiwar Allah ta faɗi abin da ba haka ba.

A mako na uku ganyen ya fara yin rawaya, tun daga na ƙasa. Wannan kam na san shi, ko na ce na san shi. Duk manomin da ya ga gero ya yi rawaya ya san taki yake nema. Maƙwabcina ya leƙo, ya ce shi bai san kifi ba, amma ko saniya ce ta daina cin abinci a hannunsa, mai ita zai nema kafin ya ba ta magani. Na ce masa ya tsaya kan shanunsa. Ina da ragowar takin zamani, farin nan mai kamar gishiri, na ɗebi cikin hannu biyu na barbaɗa a kan tsakuwar. Ban kawo a raina cewa ruwan da ya bi ta tsakuwa wurin kifin zai koma ba, alhali kullum ina kallonsa yana komawa. Bayan kwana biyu, da na dawo daga sallar asuba gari ya waye, na tarar da su birjik a saman ruwa, fararen cikkuna a sama. Cikin kusan tamanin, bakwai ne ke motsi. Ruwan kuwa har lokacin ana ganin ƙasansa.

A ranar na kira ta da kaina. Na faɗa mata komai ban rage ba. Ta ce Baba ba komai, in kwashe bakwai ɗin in sa su a sabon ruwa, kada in ba su abinci, tana zuwa. Ta iso washegari da azahar. Ta durƙusa gaban tsakuwar ta ɗauki dutse ɗaya fari tana juya shi a hannu, ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Daga baya ta yi mini bayani da abin da na sani. Ta ce in an zuba ɗanyen kashin shanu a gindin gero ƙona shi yake yi, sai ya ruɓe ya zama taki. Abin da kifi ke fitarwa ma haka yake, guba ne gare su, kuma ba shi da launin da ido zai gani. Waɗancan mikrob da ke zaune cikin santsin tsakuwa su ne ke ruɓar da shi su mayar da shi abincin shuka, shuka ta tsotse, ruwa ya koma wa kifi lafiyayye. Ta ce wata biyu ta yi tana jiran wannan dauɗar ta kama kafin ta ƙara kifi. Abin da ta faɗa lokacin da nake neman buta shi ne, su ne ran abin gaba ɗaya, kada a wanke su, kada sabulu ya kusance su. Farin takin kuwa, ta ce, in ya narke irin gubar nan yake zama, na ƙara ta a ruwan da ba mai tace ta.

Na tambaye ta, to ashe mikrob iri biyu ne, akwai na cuta akwai na amfani? Ta ce sun fi iri biyu nesa. Na ce to yaya mutum zai bambanta su tun da duka ba a ganinsu? Ta ce da ido ba a iyawa, akwai wani ɗan ruwan gwaji da ake ɗigawa ya canza launi. Har yanzu ban gama gane wannan ba, kuma ba zan ce na gane ba. Abin da ya ƙara ɗaure mini kai, ni na karanta tun ina saurayi cewa kashin dabbar da ake cin namanta ba najasa ba ne. Na san haka, na karantar da haka, amma da na ga santsi a jikin dutse sai na bi ƙyamar idona.

Ta je garin Agiye wurin wata abokiyar karatunta ta roƙo bokiti guda na tsohuwar tsakuwa mai dauɗa, ta riƙo shi a cinya cikin mota an rufe da jiƙaƙƙen buhu kamar wani abin daraja. Amma lokaci ya ƙure. Malamanta sun zo suka ga kifi bakwai da ganye rawaya. Na so in tashi in ce laifina ne, ta riga ni ta ce musu ita ce ba ta bar bayani a rubuce ba. Suka ce sai ta sake, ta jira zagaye na gaba. Abokan karatunta suka karɓi takardunsu a shekarar, ita sai da ta ƙara shekara guda. Shekarar nan ni na ci mata ita, kuma ba ta taɓa tayar da maganar ba ko sau ɗaya. Na nemi gafararta, ta ce ta yafe tun a waya, ina kuma neman ta Ubangiji.

Abin da zan ce wa 'yan'uwana, musamman dattawa irina da 'ya'yansu ke kawo sababbin abubuwa gida, shi ne in an ba ku amanar abin da ba ku sani ba, ku saurara har ƙarshen magana, ku maimaita wa mai ita abin da kuka ji. Kada kunyar ɗan fari ta hana ku tambaya, ita kunyar ba ta dawo da shekarar da ta wuce. Masu irin wannan kiwo kuma su faɗa wa mutanen gidansu baro-baro cewa ba a wanke tsakuwa, ba a zuba taki, kuma in kifi ya taso sama yana haki a rage abinci a nemi wanda ya sani. Takardar nan da na rubuta bayaninta tana nan cikin gafakata. Ranar da ta karɓi shaidarta na kira ta ta zauna kusa da ni, na ce ta sake faɗa mini maganar tsakuwa daga farko. Ta faɗa, na cike layin da na bari, sannan na karanta mata ta ji, ta ce haka ne, Baba.